Lambu, Garka da Firdausi: Tambayoyin Wanda Ya Dawo Daga Isfahan

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya je Iran, ya biya ta birnin Isfahan ya kwana uku, da ya dawo ya aiko mana da tambayoyi biyu.

Tambaya ta farko: "Malam, na shiga wani wuri da suke kira Cehel Sotun, fada ce a tsakiyar itatuwa, ga dogon tafki a gabanta. Ina ba mutanen gida labari na ce lambu ne, sai ƙanena ya ce lambu ai na albasa da tumatir ne. Wa ya fi gaskiya?"

Ɗan'uwa, kai ne a kan daidai. Abin da ya sa lambu ya zama lambu shi ne ban ruwa. Gona damina take jira, in ruwan sama ya ɗauke an gama. Lambu kuwa da rani yake nuna kansa, mai shi ya haƙa rijiya ko ya kafa jigo a bakin rafi, ya ja ruwa ta 'yan hanyoyi zuwa fangali-fangali. Ko albasa aka shuka, ko mangwaro, ko fure, sunan bai canza ba. To, su ma Farisawa, wato mutanen Iran, a kan ruwa suka gina nasu. Ƙasarsu busasshiya ce, tun zamanin da suke haƙa magudanai a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suke kira kanat, su jawo ruwa daga gindin duwatsu. Tsarin da suka shahara da shi sunansa cahar bag, wato lambu huɗu: a ratsa fili da hanyoyin ruwa biyu masu gicciye, ya rabu gida huɗu. Manomin rani na Kadawa da ya ga wannan zai gane aikin nan take.

Wurin da ka shiga ma shaida ne. Cehel Sotun na nufin ginshiƙai arba'in, amma in ka ƙirga na katakon da ke barandar fadar, ashirin za ka samu. Sauran ashirin ɗin inuwarsu ce a cikin tafkin. An kammala ginin a 1647, zamanin Shah Abbas na Biyu, kuma yana cikin lambunan Farisa tara da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2011.

Akwai kuma wata kalmar tamu da nake jin takaicin yadda yaran birni suke mantawa da ita, wato garka, ɗan filin shuka da aka kewaye da danga ko shinge. Na kawo ta ne saboda a tsohon harshen mutanen Iran, fili mai katanga kewaye da shi ana ce masa pairi-daeza. Kalmar ta yi tafiya mai nisa, Girkawa suka ara, ta shiga Larabci ta zama firdaus. Sau biyu ta zo a Alƙur'ani, a aya ta 107 ta Suratul Kahfi da aya ta 11 ta Suratul Mu'minun. Daga bakin malamanmu ta shigo Hausa. Duk ranar da muka yi wa mamaci addu'ar Allah Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, ko muka raɗa wa jaririya suna Firdausi, kalmar da ta fito daga ƙasar da ka ziyarta ce a bakinmu, kuma ma'anarta ta asali ta fi kusa da garka.

Tambaya ta biyu: "Kowa a garin sai ya ce mini Isfahan nesfe jahan, wai Isfahan rabin duniya ce. Wannan karin magana ne?"

A ma'aunin Hausa kirari ne. Karin magana ana iya ɗaukarsa a aza a kan al'amura dabam-dabam, kamar "gani ya kori ji", wanda ya dace da tafiyarka, ya kuma dace da mai sayen saniya. Kirari kuwa yana da mai shi, ba a ara wa wani. "Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka" ta Kano ce ita kaɗai. Ka lura kuma da amon Isfahan da jahan, irin daɗin kunnen da maroƙanmu suke nema.

Kirarin nasu yana da tushe. A 1598 Shah Abbas na Ɗaya ya mayar da hedikwatar daular Safawiyya, mai mulkin Iran a lokacin, zuwa Isfahan, ya sa aka shimfiɗa dandalin Nakshe Jahan, mai tsawon kimanin mita 560 da faɗin 160. Masallatai biyu masu ƙubba da aka lulluɓe da tayil mai zane, da fadar Ali Kafu, da ƙofar babbar kasuwa duk suna fuskantar wannan fili guda. Sarauta da salla da ciniki a wuri ɗaya, kamar yadda ƙofar fada da masallacin Juma'a suke maƙwabtaka a biranenmu. Fataken Indiya da na Turai da Armeniyawan unguwar Julfa duk a nan suke haɗuwa, baƙon da ya tsaya a tsakiyar filin a wancan zamani ba zai ga ƙari a maganar ba.