Gajiya ta addabe ni, shin in sayi ƙwayar ƙarin jini?

Tambaya: Shekaruna 41. Wata huɗu ke nan ina tashi da gajiya kamar ban yi barci ba. Wani abokina ya ce damuwa ce ta ɗaga mini kotisol, shi kuma ya cinye sinadarin ƙarfen jikina. Na ga ƙwayar ayon, wato sinadarin ƙarfen, da aka haɗa da maganin sauke kotisol. In saya?

Amsa: Malam, ajiye kuɗinka tukuna, ka fara da awon jini.

Namiji baligi yana buƙatar miligiram 8 na ayon a rana, mace mai haila kuwa 18. Dalili shi ne namiji ba ya zubar da jini wata-wata, abin da yake rasawa bai wuce miligiram ɗaya a rana ba. Kuma jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ayon, sai dai ya jibge shi a hanta da zuciya. Akwai ma masu ciwon gado na tara ayon, waɗanda alamarsu ta farko ita ce gajiya da ciwon gaɓoɓi da raguwar sha'awa. Irin wannan mutum in ya sha ƙwayar ƙarin jini, garin neman gira sai ya rasa ido.

Maganar abokinka tana da ƙanshin gaskiya, amma ya zarce. Kotisol sinadari ne da ke fitowa daga wasu ƙananan sassa da ke zaune a kan ƙoda, yana yawa da asuba, ya ragu da dare. Injin da ke haɗa shi a jiki yana aiki da ayon, wannan haka yake. Amma a ce damuwa ta tsotse maka ayon har ka sayi kwalba guda ta gyara duka biyun, wannan zancen 'yan talla ne.

Ka nemi a auna maka himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, da kuma feritin. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namijin da himoglobin ɗinsa ya gaza 13 yana da ƙarancin jini. Feritin shi ke nuna ajiyar ayon, sai dai yakan hau idan akwai kumburi ko ciwon hanta, don haka bari likita ya fassara maka sakamakon.

In awo ya nuna ƙarancin ayon, kada ka tsaya ga ƙwaya kawai. Ga namiji, tambayar ita ce ina jinin yake zurarewa? Gyambon ciki, basir mai jini, tsutsar ciki, yawan shan ibuprofen ko asfirin, wani lokaci ma kansar hanji, duk sai an duba. In kuma awo ya fito lafiya, ka gaya wa likitan yadda kake barci, musamman in an taɓa ce maka kana minshari har numfashinka yana ɗaukewa.