Fada ba a sayen tikitinta, iso ake nema

Jiya a mota, muna dawowa ta Zuba, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka kai Turawan nan uku fadar Sarkin Suleja, alhali sun ce ko nawa ne za su biya. Ka ce ɗayansu ya gaya maka a Landan mutum yakan sayi tikiti ta waya, ya shiga gidan Sarki ya zagaya, ya fito ya sha shayi, to mu me ya hana mu? Na ce ka bari sai mun huce gajiya. To ga amsar, ɗana, kuma ka natsu, don ranar Asabar ta sama kai ne a gaba, ni ina baya ina kallo.

Baƙon naka bai yi ƙarya ba. Ana buɗe wa jama'a Fadar Buckingham a watannin zafinsu, wajen Yuli zuwa Satumba. Sai dai ka lura da abu biyu. Cikin ɗakuna 775 da ke gidan, 19 ne manyan ɗakunan karɓar baƙi da ake zagayawa da mutane. Kuma ba tun fil azal ake yi ba: a 1993 aka fara, bayan gobarar da ta ci wani sashe na fadar Windsor a Nuwamban 1992, don a tara kuɗin gyara. An kuma zaɓi lokacin da Sarauniya Elizabeth takan tafi hutu gidanta na Balmoral a Scotland. Wato sai mai gida ya fita ake buɗe gidan. Jagororin can sukan taso da mutane a ƙafa daga cocin Westminster, inda ake naɗin sarakunansu tun 1066, su ratso lambun St James, su tsaya kallon canjin masu gadi wajen ƙarfe 11 na safe. Gini suke sayarwa da labari. Babu wanda ya biya kuɗin wannan yawo yana sa ran Sarki Charles zai amsa masa gaisuwa.

Tamu fadar kuwa mai gida na ciki. Ranar da muka je, akwai mai ƙarar iyakar gona a zaune tun sassafe, akwai masu rigimar gado, akwai hakimin da ya taso daga nesa don gaisuwa, can ciki kuma iyali ne da ba a yi wa kowa izinin leƙa su ba. Baƙo yana tsammanin ya zo kallo, bai san shi ake kallo ba. Tun daga bakin ƙofa dogarai sun gama karanta takalminsa da wandonsa da yadda ya riƙe waya. Kuma duk abin da suka gani, ba a kansa za su ɗora ba, a kanka ne. Baƙo ko da ido makaho ne, kowa ya sani, saboda haka ɗan jagora ake tuhuma.

Kafin ma a kai ga ƙofa, akwai ƙullin da za ka fara warware musu. Sukan sauka a otal a Maitama ko Wuse su ce a kai su fadar Sarkin Abuja. Kada ka yi dariya, kada kuma ka ce babu. Ka ce musu Abuja biyu ce, wadda suka kwana a cikinta aron suna ta yi. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yo kudu, ya zauna wajen Zuba a ƙasar Koro da Gbagyi. Ya rasu a yaƙi a Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa gari a 1828 kusa da kogin Iku, shekara guda bayan nan aka fara ganuwa. Garin ya ci sunansa. Turawan mulki ba su shige shi ba sai 1902. Da gwamnatin Janar Murtala ta yi dokar sabon babban birni a Fabrairun 1976, sai tsohon garin ya sakar wa sabon sunan, shi kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Gwamnati ba ta taso daga Legas ba sai 12 ga Disamba 1991. Shi ya sa har gobe za ka ji ana cewa Sarkin Zazzau Suleja, kuma garin a Jihar Neja yake, shi da Dutsen Zuma da suke ta ɗauka hoto suna cewa na Abuja ne.

Wannan labarin a mota za ka ba da shi, tsakanin Kubwa da Madalla, ba a ƙofar fada ba. Na ga yara irinka sun haddace shekaru kamar masu shirin jarrabawa, su tsayar da mutane a rana su zazzage musu duka. Minti uku ba a yi ba idon baƙo ya koma kan mai tallan rake.

Ni dabarata ita ce takardar naira 20. In mun sauka, sai in zaro ta in miƙa wa ɗaya. A gaba Murtala, wanda ya yi dokar da ta ɗauke sunan garin. A baya Ladi Kwali tana ginin tukunya. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ne Baturen nan Michael Cardew ya ga tukwanenta, shi da ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko da aka ɗauka. Ka ga takarda ɗaya ta haɗa maka fada da gari da babban birni, kuma mutum ba ya manta abin da ya juya a hannunsa. Sai dai ka tanadi mai tsabta, ba wadda ta sha manja a kasuwa ba.

Tafiyar ƙafar kanta ba ta da wani sirri mai yawa. Birnin Abuja don mota aka zana shi, shi ya sa sai mun fita tsofaffin garuruwa ake samun abin takawa. Ka sauke su nesa kaɗan da fada, ku tako ta cikin unguwa, su ga masallaci da kasuwa da gidajen masu sarauta, don su gane fada cibiyar gari ce kafin su gan ta. A fara da wuri, musamman a Maris da Afrilu da rana ke dukan tsakar ka tun hantsi. Ka yi tafiyar wanda ya fi kowa nauyin ƙafa. Kada ka yi bayani kana tafe, na baya ba ya ji. In za ka tsaya, nemi inuwa, kai ka fuskanci rana su su ba ta baya. Ƙirga kawuna duk sanda za ku tashi.

Yanzu ga ainihin aikin, wanda ba a ganinsa ranar yawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda ko biyu kafin nan za ka kai takarda ofishin sakataren masarauta da ƙafarka: su wane ne, daga ina, mutum nawa, mata nawa, me ya kawo su, gaisuwa kawai suke so ko akwai magana. Ka faɗi gaskiya. In ɗan jarida ne ka ce ɗan jarida ne, in mai bincike ne ka ce haka, don ranar da aka gano ka shigar da mai kyamara da sunan ɗan yawon buɗe ido, kai da wannan ƙofa har abada. Bayan takarda sai ka gaisa da Sarkin Dogarai da mutanen ƙofa, ka zauna, a sha hira, a san fuskarka. Takarda tana ofis, amma ƙofa tana hannun mutum. Daren da za ku je ka sake bugawa ka tabbatar, domin rasuwa ko kiran gwamna kan tayar da zaman fada cikin sa'a guda.

Ni ma da kunya na koya. Ina sabon shiga, wani otal ya haɗa ni da baƙi shida, na ɗauke su zuwa wata fada da ba zan faɗa maka sunanta ba, ba takarda ba sanarwa, don na san wani bafade. Ashe an yi rashi a gidan, ana zaman makoki. Mun iske mutane jingim a ƙofa, baƙina suka ɗauka biki ne. Kafin in ankara ɗaya ya ɗaga kyamara yana murmushi, wata kuma da gajeren wando ta nufi zaure da takalminta. Ba wanda ya ɗaga murya. Wani dattijon dogari ya matso ya ce mini a hankali, "Malam, baƙinka ne?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To Allah ya kai ku gida lafiya." Shi ke nan. Na fi shekara biyu in na yi sallama a ƙofar nan ana amsa mini da baki ɗaya, ba a nuna mini wurin zama.

Tun daga ranar ba na kai kowa ƙofa sai mun yi abin da nake kira karatun gindin bishiya. Minti goma, kafin a hango dogarai. Ka gaya musu a ƙasarsu hula ake cirewa don girmamawa, a nan hula na kai, takalmi ake tuɓewa. Ka sa su zo da safa, don daɓen fada da hantsi yakan gasa tafin ƙafar da ba ta saba ba, kuma babu abin da ya kai baƙo yana tsalle-tsalle a gaban fadawa muni. Mayafi biyu ko uku su zauna a jakarka kullum, da zane ɗaya. Ka nuna musu jinjina da hannun dama, su gwada a gabanka har kunyar ta sake su. Ba sai sun faɗi ƙasa kamar mu ba, su rusuna ya isa. Kada wanda ya miƙa wa Sarki hannu sai in shi ya fara miƙowa. Ka koya musu kalma uku, "Ranka ya daɗe", in sun faɗe ta a karkace ma fadawa daɗi suke ji.

Abin da ya fi ruɗa su shi ne shirun Sarki. Sun gaishe shi, bakinsa a rufe da amawali, sai su ji wasu ƙarti da jajayen kaya sun ɗauka da ƙarfi, "Sarki ya gaishe ku!" In ba ka shirya su ba, sai su zaci an yi fushi da su ko an raina su. Ka faɗa musu tun a waje cewa wannan ita ce amsar, kuma girma ce. In Mai Martaba ya ga dama ya yi musu magana da Turanci, ka ja bakinka ka yi shiru, kada ka ce za ka yi tafinta. Wanda ke kan gadon Suleja, Malam Muhammadu Awwal Ibrahim, malamin jami'a ne kafin ya zama gwamnan Neja a 1979. Ka ga kuwa ba ya bukatar Turancinka.

Hoto sai an ce a ɗauka. Ƙofar da ke shiga cikin gida ko kallonta kada su tsaya yi.

Maganar kuɗi, wadda na san ita ta fi damunka. Ba a biyan kuɗin ganin Sarki, kuma kada ka taɓa bari baƙo ya tafi da zaton ya biya. Amma akwai goro, akwai tukuicin dogarai, akwai na masu kakaki da algaita in sun busa wa baƙinka. Ka lissafa wannan a cikin kuɗin yawon tun a otal, ka gaya musu a fili ga abin da za a yi da shi, ka canzo sababbin takardu, kai za ka bayar da hannunka a wajen fita. In ka bar Bature ya zaro walat a tsakar fada, ko dai ya ba da abin da zai zama raini, ko ya ba da abin da zai lalata wa na bayanka hanya, ya kuma koma ƙasarsu yana cewa cin hanci aka karɓa. Kai kuma kada ka rage ko sisi a ciki. Mutanen ƙofa sun fi ka iya lissafi.

Harshenka ma ka tsare shi. Kusan kowace masarauta tana da tsohon tabon rigimar gadon sarauta, kuma baƙo mai karatu zai tono ya tambaye ka a inda bai kamata ba. Ka ce masa sai mun koma mota. Mutanen da muka taso muna ce wa Gwari, ka ce Gbagyi, haka suke kiran kansu, kuma ƙasarsu muke takawa. In ka kai baƙi Abaji ka ce Ona, in Garki ce ka ce Sa'peyi, in Zuba ka ce Agora. Kada ka yi musu kuɗin goro da "sarki" don sauƙin bakinka, kuma kada ka ɗauka abin da ake yi a Suleja shi ake yi a can. Kowace fada ka tambayi mutanenta tukuna.

Wata rana duk ka yi wannan, ku iso a ce Sarki ba ya zama yau. Shi ya sa ban taɓa yi wa baƙo alkawarin ganin Sarki ba. Abin da nake cewa, za mu je gaisuwa fada. In an samu iso, ƙari ne. In ba a samu ba, ku gaisa da wanda ya wakilce shi, ka nuna musu ƙofa da filin da ake hawan salla, ku wuce wajen tukwane, a hanyar dawowa in da sauran rana ku ratsa Ushafa, ƙauyen masu tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Turawan jiya kuwa na riga na yi magana da su, sun yarda su jira. Gobe bayan sallar asuba ka biyo ta gida ka karɓi takardar, na rubuta sunanka a ƙarƙashin nawa. Ka sa doguwar riga da hula, ka bar wannan tabaran naka a gida.