Tambaya da Amsa: Baƙuwar da ta koya wa matan Faransa ɗaukar hoton ƙashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon ɗaukar hoton ƙashi, wato eksire. Malaminmu ya ce Marie Curie ta koyar da irin aikinmu, kuma wai ba ma 'yar Faransa ba ce. Ni sinadarin radiyam da ta gano da kyautar Nobel kawai na sani a kanta. Da gaske ne, ko dai ƙarfafa mana gwiwa yake yi mu mata? Daga 'yarki, wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Malaminku bai yi ƙari ba. Ni ma sai da na shekara da shekaru a ɗakin duhu ina wanke fim kafin in san cewa matar nan tamu ce.

Sunanta na yanka Maria Skłodowska, an haife ta a Warso, ƙasar Folan, a 1867, lokacin Rasha na mulkin garin kuma ba a ɗaukar mata a jami'a. Sai da ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu kuɗi a gidajensu, tana aika wa yayarta Bronia kuɗin karatun likita a Faris, kafin ita ma ta bi ta a 1891. Sauran kin sani: aurenta da Pierre Curie a 1895, Nobel a 1903, wani kuma a 1911. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne baƙuntar ba ta sake ta ba. A wannan 1911 ɗin ta nemi kujera a Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta sha kaye da ƙuri'u kaɗan, wasu jaridu kuwa suka yi ta goranta mata cewa 'yar ci-rani ce.

Ba ita ta gano hasken eksire ba, kada ki je ki rubuta haka a jarrabawa. Wilhelm Röntgen ne, Bajamushe, a Nuwamban 1895. Nata aikin ya zo ne da Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914. Injinan hoton suna manyan asibitocin birni, masu rauni suna can bakin daga, likitan tiyata yana laluben harsashi a cikin nama kamar mai neman allura a rairayi. Sai ta ce tunda majinyaci ba zai iya zuwa wurin inji ba, inji ya je wurinsa. Ta bi masu hali tana roƙon motoci, aka ɗora wa kowace injin hoto da janareta wanda injin motar ke juyawa. Motoci 20 ta haɗa, ban da ɗakunan hoto kimanin 200 da aka kafa a asibitocin yaƙi. Ta koyi tuƙi, ta koyi canza taya, ta koma ta karanci sassan jikin mutum, tana da shekara kusan hamsin da Nobel biyu a aljihu.

Ki kwatanta yadda aikin yake. Mota ta tsaya a ƙofar makarantar da aka mayar asibiti. A ja waya daga janareta zuwa ciki, a toshe tagogi da labule har ɗaki ya yi duhu, a kwantar da soja, a sa allon da ke haskawa a kansa, sai ga inuwar ɓarɓashin bam. Amma inuwa ba ta faɗin zurfi. Dole a gusar da fitilar da ke fitar da hasken eksire, a duba yadda inuwar ta matsa, a yi lissafi, sannan a ce wa likita ga inda zai tsaga, ga nisan da zai shiga. To a nan gizo ke saƙa. Inji ya samu, mai lissafin ne babu. An sha kai na'ura mai tsada wuri ta zauna kamar kayan ado, don ba wanda ya iya ta.

Shi ya sa ni a wurina koyarwar ta fi motocin muhimmanci, ko da yake motocin aka fi ɗauka a hoto. A 1916 ta fara horar da mata a asibitin Edith Cavell da ke Faris, wanda aka sa wa sunan nas ɗin Ingila da Jamusawa suka harbe a 1915. Kwas ɗin na mako shida ne: lantarki, yadda hasken ke fita, ƙasusuwa da gaɓoɓi, wanke hoto. Ɗaliban kuwa gayyar kowa da kowa ce, akwai nas-nas, akwai 'yan aikin gida, akwai matan manya. Wasunsu karatunsu bai yi nisa ba, amma farfesar Jami'ar Sorbonne ta zauna tana bi da su daki-daki har suka iya. Kafin yaƙi ya ƙare a 1918 mata kimanin 150 sun fita daga hannunta, an kuma ƙiyasta sojojin da aka ɗauka hoto a motocin da ɗakunan sun haura miliyan ɗaya. Mataimakiyarta ta farko 'yarta ce Irène, mai shekara 17 a farkon yaƙin, wadda ba da jimawa ba aka bar mata ɗakin hoto ita kaɗai a wani asibitin soja a Beljiyam. Yanzu ku shekara nawa kuke yi a makaranta? Ba gori nake yi ba, na san abin da ake koya muku ya ninka nasu.

Akwai abin da suka rasa wanda ke kina da shi. Ranar da aka fara rataya mini rigar dalma sai da kafaɗuna suka yi tsami, na yi ta ƙunƙuni, ga ɗan bajon auna haske da ake maƙala mana a ƙirji ana karɓa a duba. Su a lokacin kariyar ba ta taka kara ta karya ba, kuma aikin gaggawa ne, suna tsaye dab da fitilar sa'o'i. Da yawa sun ƙone a hannu. Marie Curie ta rasu ranar 4 ga Yulin 1934, ɓargonta ya daina yin jini. Irène ta bi ta a 1956 da sankarar jini.

An daɗe ana ɗora wa radiyam laifin mutuwar Marie. A 1995, da za a mayar da gawarta Panthéon, makwancin manyan Faransa, sai aka auna akwatin aka tarar radiyam ɗin da ke ciki bai kai yadda ake zato ba. Masu awon suka karkata ga cewa hasken eksire na shekarun yaƙin ne ya fi yi mata illa. Irène ta samu lambar yabo ta soja kan aikin da suka yi tare. Uwar kuwa, gwamnatin Faransa ba ta ba ta komai a kansa ba.