Presence na Led Zeppelin: in tsallake shi ne, ko akwai abin da kunnena bai kama ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Damagaram, shekarata biyu ina koyon jita. Da kiɗan mutanen Agadas na fara, irin su Bombino da Mdou Moctar, sai wani abokina ya tura mini waƙoƙin Led Zeppelin, ƙungiyar kiɗan rock ta Birtaniya, a waya. Kundinsu na huɗu da Physical Graffiti na saurare su har na kusa haddacewa. Da na zo kan kundinsu mai suna Presence sai na ji shi a bushe, ba ya shiga rai, kuma duk inda na duba ana cewa shi ne koma-baya a cikin kundayensu. In tsallake shi ne, ko akwai abin da kunnena bai kama ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka tsallake shi. Bushewar da ka ji gaskiya ce, kunnenka bai yaudare ka ba, amma ita ce ainihin abin da ya sa nake ɗaukar kundin nan da daraja. Kai da kake da jita a hannu, akwai karatun da za ka samu a cikinsa wanda ba za ka samu a na huɗun ba.

Sai ka san halin da aka yi shi a ciki kafin ka gane dalilin bushewar. A watan Mayun 1975 Led Zeppelin suna kan ganiyarsu. Physical Graffiti ya fito a watan Fabrairu, sun cika zauren Earls Court na Landan dare biyar, ana shirin zagayen Amurka a ƙarshen watan Agusta. Ranar 4 ga Agusta, mawaƙinsu Robert Plant yana hutu da iyalinsa a tsibirin Rhodes na ƙasar Girka, motarsu ta ƙwace ta bar hanya. Ya karye a idon sawu da gwiwar hannu, matarsa Maureen kuwa ta fi shi jin jiki nesa ba kusa ba. Aka soke zagayen. Ga kuma wani ƙarin baƙin ciki: a lokacin haraji a Birtaniya yana kai kashi 83 cikin 100 a kan masu babban samu, 'yan ƙungiyar kuma sun riga sun tsara zama a waje na wannan shekarar. Saboda haka Plant bai samu ya zauna jinyar matarsa a gida ba. Aka kai shi tsibirin Jersey, daga can ya wuce Malibu a Kalifoniya, inda Jimmy Page, mai jita, ya same shi suka fara haɗa waƙoƙi.

A watan Nuwamba suka shiga sitidiyon Musicland da ke Munich a Jamus, wanda yake a ƙarƙashin ƙasa, a gindin wani dogon bene. Kwana 18 suka yi, ɗauka da tacewa duka, domin 'yan ƙungiyar Rolling Stones sun riga sun kama wurin don aikin nasu kundin, Black and Blue. Plant a kan keken guragu ya rera waƙoƙinsa. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: mutumin da ya saba tsayuwa ya buɗe ƙirji ya ja numfashi tun daga cibiya, ga shi a zaune, ƙafa a ɗaure, bai san ko zai sake takawa kamar da ba. Page da injiniyan sauti Keith Harwood kuwa suka raba dare da rana suna aiki, barci sai na sata. Kundin ya fito ranar 31 ga Maris 1976 a ƙarƙashin kamfaninsu na Swan Song, da waƙa bakwai kacal.

To me aka cire har ya bushe? A kundayen baya ka saba da John Paul Jones, mai buga musu bes (jita mai kaurin sauti), yana zuba piyano da mandolin da sauran kayan ƙawa, ka saba da jitar katako mai taushi wadda take ba kunne hutu tsakanin waƙa mai zafi da mai zafi. A Presence babu piyano ko kaɗan, jitar katako ma sai ɗan abin da ba a rasa ba, a can ƙasan waƙa guda. Abin da ya rage jitar lantarki, bes, ganga da murya. Tuwo ne da miya ba man shanu. Wanda ya zo neman ƙamshi zai tashi da yunwa, amma wanda yake son ya san hannun mai tuƙin, a nan zai gan shi.

Fara da waƙar farko, Achilles Last Stand, mai minti goma da 'yan kai. Sa abin ji a kunnuwa biyu, kada ka saurare ta a lasifikar waya, domin za ta cinye maka rabin aikin. Tana buɗewa da jita guda tana zagaya 'yan sautuka a hankali, kamar mai lalube a duhu. Kafin ka gama sabawa da ita sai John Bonham ya faɗo da ganga, daga nan kuma babu tsayawa. In ka taɓa tsayawa kusa da fili ranar hawan salla lokacin da dawakai suka sako a guje za su yi jahi, ka san yadda ƙasa take amsawa a tafin ƙafarka. Haka bugun yake, sukuwa ce zalla, kuma Jones yana biye da shi da bes mai tsirkiya takwas, abin da ya sa ƙasan waƙar ya yi kauri har da wani ƙarfe-ƙarfe a ciki. Minti goma Bonham yana wannan gudun bai sassauta ba, bai kuma yi gaba da abokansa ba. A ganina babu inda ya buga ganga a faifai da ya wuce nan, kuma na san masu son waƙarsu When the Levee Breaks za su yi mini gardama.

Yanzu ka koma farko, ka bar gangar, ka bi jita kaɗai. Za ka tarar ba guda ɗaya ba ce. Page ya yi ta ɗora jita a kan jita, kowacce da nata aikin: wata tana riƙe da sukuwar, wasu biyu suna hawa tare kamar masu hawan matakala, ɗaya sama da ɗaya, wata kuma tana jira sai wurin da murya ta yi shiru ta shigo. Abin lura shi ne ba sa takar juna. Matasa da yawa in suka samu kwamfuta da damar ɗora sauti sai su yi ta lodi har waƙa ta zama kunu. Page yana ƙara jita ne kawai inda akwai gurbin da ba kowa. Ka ɗauki takarda ka rubuta daƙiƙar da kowace sabuwar jita ta shigo da inda ta fita. Wannan aikin na yini ɗaya zai koya maka tsara waƙa fiye da wata guda na kwaikwayon yatsu. Baitocin kuwa daga tafiyar da Page da Plant suka yi a Maroko ne 'yan makonni kafin haɗarin, shi ya sa za ka ji an ambaci Atlas, sunan da duwatsun ƙasar suke ɗauke da shi. Sunan waƙar ma yana taɓa ciwon Plant, domin Achilles jarumi ne a tatsuniyar Girkawa wanda lagonsa yake a agara.

Ta biyu da nake so ka zauna da ita ita ce Nobody's Fault but Mine, wadda ta buɗe ɗaya gefen faifan. Asalinta ba tasu ba ce. Blind Willie Johnson, wani makaho mai waƙoƙin coci daga jihar Texas, ya ɗauke ta a faifai tun 1927, yana cewa in ransa ya halaka ba laifin kowa ba ne sai nasa. Led Zeppelin sun sake mata kiɗa da yawancin baitoci, suka rubuta sunan Page da Plant kaɗai. Wannan bai kyautu ba, kuma ba shi ne karo na farko da suka ci gumin tsofaffin mawaƙa baƙaƙen fata na Amurka ba tare da ambaton su ba. Ina son ƙungiyar nan ƙwarai, amma ba zan rufe maka wannan ba. Nemi ta Johnson ka ji, tana nan a intanet.

Abin da suka yi da ita dai aiki ne na gwanaye. A buɗewa jita tana tafe, muryar Plant tana bin ta sau da ƙafa ba kalma, har ka rasa wace ce tsirkiya wace ce maƙogwaro. Sannan ganga da bes su shigo, su buga, su tsaya cak, su bar fili fayau, su sake faɗowa tare kamar mutum ɗaya. Wannan tsayawar ita ce darasin. Kiɗan da ka taso a kansa na Agadas yana tafiya ne kamar raƙumi a doguwar hanya, zagaye bayan zagaye, daɗinsa a rashin yankewa yake. Nan kuwa ƙarfin yana cikin shirun da ke tsakanin bugu biyu. Ka gwada da abokan kiɗanka: ku buga, ku yanke tare, ku ƙirga a zuci, ku dawo tare. Za ku ga yadda yake da wuya mutum uku su yi shiru a lokaci ɗaya.

Sai ta ƙarshe, Tea for One, minti tara da wani abu. Ita ce na fi komawa gare ta yanzu da shekaru suka ja. Ma'anar sunan shayin mutum ɗaya, kuma kai ɗan Damagaram ba sai na yi maka dogon bayani ba. Shayi abin taro ne, ana hura gawayi, ana jiran na farko da na biyu da na uku ana hira. Mutum ya dafa ya zuba a kofi ɗaya ya sha shi kaɗai, ai kewa ta kai inda ta kai. Waƙar tana farawa da ɗan kiɗa mai kuzari kamar za a yi rawa, bayan 'yan daƙiƙu sai ta zube ta koma tafiyar hawainiya, ta zauna a haka har ƙarshe. Plant ba ya ihu a nan. Yana rerawa ne kamar mai magana da kansa, a kan yadda lokaci ya ƙi tafiya ga wanda yake nesa da gida. Mutane suna kwatanta ta da Since I've Been Loving You ta 1970, suna cewa maimaici ne. Ban yarda ba. Waccan kukan saurayi ne mai son a ji shi, wannan ta magidanci ce da ya gaji. Ka saurari yadda Page yake jan sauti ɗaya ya bar shi ya mutu da kansa kafin ya taɓa na gaba, da yadda Bonham, mutumin da ya yi sukuwar minti goma a farkon faifan, ya koma yana taɓa ganga kamar mai tsoron tada jariri.

Sauran huɗun ba su kai waɗannan ba, gaskiya ɗaya ce. For Your Life tana da nauyi da ɗaci, Plant yana zargin rayuwar hodar ibilis da ya gani ta cinye mutane a Los Angeles, Page kuma ya ajiye jitarsa ƙirar Gibson da aka san shi da ita ya ɗauki ƙirar Fender Stratocaster, yana danna ƙarfen da ke lanƙwasa sauti har ka ji kamar ƙasa tana zamewa. Ita tana girma a kunne a hankali. Royal Orleans da Hots On for Nowhere wasan ganga ne mai daɗi, ba su wuce nan ba. Candy Store Rock gaisuwa ce ga salon su Elvis Presley na shekarun 1950, ita aka fitar a ƙaramin faifai a Amurka, ba ta kuma yi kasuwa ba.

Game da cewa shi ne koma-baya, a duba da kyau. Kundin ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, an kuma sayar da kwafi miliyan 3 a Amurka. Ƙungiyoyi nawa ne za su yi sadaka in sun samu haka? Sai dai na huɗun ya haura miliyan 20 a can, shi ya sa wannan ya zama ƙarami a gefensa. Dalilan da suka danne shi a fili suke. Ba shi da waƙar da gidan rediyo zai ɗauka cikin sauƙi, domin mafi kyawunsa dogaye ne. Ba a yi yawon tallata shi ba, saboda ƙafar Plant, sai a watan Afrilun 1977 suka koma dandali a Amurka. A watan Oktoban 1976 fim ɗinsu na The Song Remains the Same ya fito da nasa faifan, ya ɗauke hankalin masoya. A wannan shekarar ce kuma samarin kiɗan punk, irin su Ramones da Sex Pistols, suka taso da waƙoƙin minti biyu zuwa uku, 'yan jarida suka fara kallon waƙar minti goma a matsayin kayan tsofaffi. Zagayen 1977 ɗin ma bai ƙare lafiya ba, a watan Yuli aka yanke shi da ɗan Plant, Karac, ya rasu yana da shekara 5. Kundi ɗaya suka ƙara, In Through the Out Door a 1979, sannan Bonham ya rasu a watan Satumban 1980, ƙungiyar ta watse.

Shawarata, kada ka zuba shi gaba ɗaya a zama guda kamar yadda ka yi da farko. Ka ba Achilles Last Stand mako ɗaya, Nobody's Fault but Mine mako ɗaya, Tea for One kuma ka ajiye ta sai dare ya raba. In kana da zaɓi, nemi bugun da Page ya sake tacewa a 2015, bes ɗin ya fi fitowa a ciki. Bayan nan ka nemi bidiyon wasan da suka yi a zauren O2 na Landan ranar 10 ga Disamba 2007, wanda aka fitar da sunan Celebration Day. Waƙa biyu kaɗai daga Presence suka saba bugawa a gaban jama'a a zamaninsu. A daren nan suka buga For Your Life karo na farko, shekara 31 bayan fitowarta, Jason ɗan Bonham yana zaune a kujerar mahaifinsa. Ka kalli hannun daman Page a kan ƙarfen nan mai lanƙwasa sauti, sannan ka rubuto mini abin da ka gani.