Injin lasar wuta da ke yin juyi uku ya tsaya

Ɗan'uwa, ka ce ka gama haɗa ɗan injinka na lasar wuta, irin wanda ke zuƙo harshen wuta cikin silinda yana juyi, silinda ta alminiyam, fistin na tagulla, ka ɗiga masa mai, ka kunna kyandir, amma in ka murza filawil, wato wilin nan mai nauyi, sai ya yi juyi biyu zuwa uku ya tsaya cik. Kana tambaya ko zanen da ka bi ne ba shi da kyau. Ni dai ban zargi zanen ba. Nawa na farko sai da ya shafe wajen wata biyu a kan tebur yana kallona ina kallonsa.

Wannan inji ba shi da ƙarfi ko na sisin kwabo, kuma haka aka halicce shi tun da Henry Wood ya yi rajistar dabarar a Ingila a ƙarni na 18. Ba wutar ce ke tura fistin ba. Fistin ya ja baya ya zuƙo iska mai zafi, bawul ya rufe, iskar ta huce a jikin silinda ta takure, sai iskar waje ta danno fistin ya koma. Nauyin iskar waje kuwa kusan kilo 1 ne a kan kowane murabba'in santimita. Fistin mai faɗin milimita 20 fuskarsa murabba'in santimita 3 ce da 'yan kai, wato ko da za ka zuƙe iskar ciki ƙarƙaf, kilo 3 ne iyakarka, kuma abin da kake samu a zahiri ɗan kaso ne na hakan. Shi ya sa ɗan gogayya kaɗan ko 'yar kafar da iska ke sulalewa ke cinye ƙarfin duka.

Fara da goge man nan. Mai yana da danƙo, in ya haɗu da hayaƙi ya zama kamar ƙaro. Kyandir ma ka ajiye shi, shi da kananzir, baƙin hayaƙinsu ke toshe bawul. Sifirit mai tsabta za ka nema, wato barasar ƙonawa wadda harshenta shuɗi ne, ka zuba a 'yar fitila.

Daga nan ka cire sandar fistin, ka tsayar da silinda. In kafar shigar wuta a buɗe take, fistin ya kamata ya zame da nauyin kansa. In ka toshe kafar da babban yatsa, ya kusa tsayawa, yana sauka a hankali kamar mai jin ƙyuya. In ka ja shi ka saki, ya koma da kansa. Wanda bai ci wannan jarrabawa ba, ko shekara ka yi kana gyara taimin, wato lokacin buɗewa da rufewar bawul, ba zai tashi ba. A nan ne na fi ɓata lokaci. Na yi ta goge cikin silinda da sandar alminiyam da man goge ƙarfe mai laushi har ya yi sheƙi, sannan na sassaƙa fistin daidai da ramin. Kada ka yi akasin haka, ramin ake fara gamawa. Kuma gaskiya haɗin da ka yi bai yi mini ba: alminiyam da tagulla ba sa buɗewa daidai da juna in sun ji zafi, ga alminiyam da saurin karcewa. Da na koma silindar ƙarfen zubi da fistin na girafayit, irin bakin fensir, magana ta ƙare, don shi girafayit da kansa yake yi wa kansa santsi. Boris ɗin ma na wanke girisinsu tas. Filawil ba tare da fistin ba, in ka murza shi ya kamata ka gaji da jira kafin ya tsaya.

Bawul kuwa ɗan siririn ƙarfe ne, nawa daga ma'aunin tazarar fulogi na yanko shi, mai kaurin milimita 0.05. Ya kwanta lif a kan fuskar silinda, sifirin ɗin da ke riƙe da shi kuma mai taushi. Ya rufe gab da fistin ya kai ƙarshen ja da baya. In ya makara, zafin ya tsere. In ya yi sauri, bai zuƙi abin kirki ba. Ka sassauta ɗan ƙarfen da ke buɗe bawul yana rufe shi, wanda ake kira kam, ka yi masa alama da biro, kana matsar da shi kaɗan kaɗan.

Abin da ya fi ba ni haushi da na gano shi: silinda mai sanyi ba ta tashi. Sifirit in ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, tururin ya taɓa ƙarfe mai sanyi ya zama raɓa, fistin ya manne. Wata rana na leƙa ramin da tocila na ga ɗigon ruwa sun yi layi a ƙasansa. Tun daga ranar nake gasa silinda da fitilar na minti biyu zuwa uku, har sai yatsa ya ji ba daɗin daɗewa a kai. In kuma ta yi zafi fiye da kima bayan injin ya daɗe yana gudu, zai rage sauri ya mutu, wannan ba lalacewa ba ce, bar shi ya huce.

Sai wurin ajiye fitila. Harshen ya zama mai faɗi, ya rufe kafar shiga gaba ɗaya, ya kusa taɓa ƙarfen, don kada injin ya zuƙi iska mai sanyi ta gefe. Milimita biyu hagu ko dama na iya raba ka da nasara. Kashe fanka, rufe taga, kai ma kada ka yi numfashi a kansa. Hattara da harshen sifirit, da rana ba a cika ganinsa ba, kuma kada ka ƙara sifirit a fitila tana ci.

In ya kusa kamawa za ka ji, sautin zai koma fat, fat, fat, harshen wutar yana shiga yana fita, juyin kuma yana ƙaruwa daga uku zuwa goma. Ka yi gwajin yatsan nan tukuna ka gaya mini yadda fistin ya sauka.