Amsa ga amaryar da zobonta ke tsami da kumfa

Amarya sannu da ƙoƙari, na ga tambayarki cewa zobonki tsami yake yi sosai kuma in ya kwana a firij sai ki tarar yana kumfa. Ni dai na kai shekara tara ina ƙulla zobo a leda da robobi yara na kai min bakin makaranta, to bari in gaya miki abinda hannuna ya koya min.

Tun daga kasuwa ake fara kuskure. Ki nemi mai duhun nan da ya kusa baƙi, shi ya fi ba da kala kuma bai kai ja mai hasken nan tsami ba, farin zobo kam bar shi wa masu miya. Yanzu ma mai kyan sai an tona, tunda dillalai ke kwashe shi daga su Maigatari ana fita da shi har Meziko, wai su ma can sha suke kamar mu. In kin kawo ki ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi da sauri sauri saboda ƙasa, kar ki tsaya jiƙa shi kina cuɗawa, kalarki ce ke bin rariya.

To ga inda yawancinmu ke ɓata abu, sai a zuba zobo a tukunya a bar shi yana ta tafarfasa har awa guda wai don ya fito, wallahi ɗaci da bauri kawai kike jawowa. Ni ruwa nake ɗorawa kamar lita 4, in jefa dakakkiyar citta, kanumfari kamar guda goma, masoro kaɗan da ɓawon abarba da na wanke tas, su tafasa kamar minti 15, sai in sauke sannan in zuba zobo cikin gwangwanin madara uku in rufe ruf in tafi harkata. Bayan awa ɗaya in tace da kyallen tatar koko, ba rariyar roba ba. Kuma kar ki bar shi ya kwana a tukunyar alminiyam, tsamin na cin ta, sai ki ji wani ƙarni ƙarni.

Maganar kanwa da wasu za su ce miki, eh tana kashe tsami amma ɗan mitsitsi fa. Ranar sunan ƙanwata hannuna ya zarce, zobo bokiti guda ya koma baƙi ƙirin kamar tawadar allo ga ɗanɗanon sabulu, haka muka zubar muka aika a siyo lemon kwalba, har yau gori ake min. Tun daga ranar na koma markaɗa kokwamba da abarba ko dabino in tace a ciki, ya fi min kwanciyar hankali.

Kumfar kuwa sukari ne da abarba, da zaran an ɗauke wuta firij ya huce sai su fara aiki kamar ƙullun waina. Don haka ki ajiye ruwan zobon zalla mai kauri ba komai a ciki a firiza, wanda za ku sha yau kawai za ki ɗiba ki sirka ki sa sukari da filebo. Robobin ma ki wanke da ruwan zafi har murfin. Wani ki zuba a abin yin ƙanƙara ya daskare, ki riƙa jefawa a kofi maimakon ƙanƙarar ruwa, ba zai salamce miki ba, da azumi za ki gode min.

In mai gidan na shan maganin hawan jini kar ki cika masa, zobo na sauke jini. Ke ma tunda amarya ce, in Allah ya kawo rabo ki dakata da shi tukunna har ki tambaya a wajen awo.