Danshin da ke hawa bango

Ka tambaye ni wai yaya ruwa ke hawa bango daga ƙasa, alhali gangare aka san shi da bi. Kai yaro, ba ka taɓa kallon lagwanin fitila ba? Kananzir na ƙasa, wuta na sama, wa ke kai mata? To haka bulo yake. Cikinsa 'yan ƙofofi ne da ido ba ya gani. Ruwa ya manne a jikin ƙofar, ya ja ɗan'uwansa sama, kuma iya ƙanƙantar ƙofa iya nisan hawansa. Yakan kai wajen ƙugun mutum, kusan mita 1, sai iska ta busar da shi ya bar gishirin da ya kwaso daga ƙasa. Shi ne farin garin nan da ke kumbura fenti yana cin filasta.

Tambayar nan taka ta tayar mini da tsohon miki. Wani Alhaji ya ba ni aikin ginin gida a bakin fadama, inda ko da rani ka haƙa ƙafa 3 sai ka taɓa laka. Na ce Alhaji, a sayo leda mai kauri a shimfiɗa kafin a zuba kankare, a kuma ɗaga difisi, wato shimfiɗar da ke hana danshi hawa bango, aƙalla inci 6 sama da ƙasa. Ya ce gidan kakansa babu leda, kuɗinsa nake son ci. Ya je ya sayo bulon da kana murza shi da yatsa yana zuba. Na yi shiru na gina, kuma shirun nan har yau yana cina.

Damina biyu aka yi. Falon da na goge da hannuna ya yi zane baƙi ƙirin a zagaye, fenti na ɓarewa kamar ɓawon albasa, kafet na warin ruma. Alhaji ya tara mutane a ƙofar gida ya ce ban iya aiki ba, ya riƙe cikon kuɗina. Leburorina daga aljihuna na sallame su. Daga baya ya kira wani ya lafta tayil a bangon, danshin ya rasa mafita ya ƙara hawa, ya ɓullo saman tayil ɗin.

Ku yaran yanzu wata shida kun gaji, kuna son a kira ku injiniya. Kwaɓin siminti ba zan tsaya koya maka ba. Gobe da safe ka ɗauki bulo ɗaya ka tsayar da shi cikin ruwa ɗan yatsa biyu, ka ajiye wayar nan taka, ka zauna ka kalle shi.